Munduwar Inna Turai a Ƙasan Bahar Maliya

Ruwais, Jidda
10 ga Rabi'ul Awwal 1394 (Afrilu 1974 a lissafinku)

Zuwa ga Yaya Sauda, a Gumel.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida Malam Saleh da yara, da mahaifiyarki Inna Turai. Mu nan alhamdu lillahi, sai dai matata Mastura da ciwon haƙori ya hana sakat, ita kuma ta hana mu. Takardarki ta ta'aziyyar Baba ta iso, mun gode, Allah ya bar zumunci. Ki yi haƙuri da Hausata, a tsakar gida na tsince ta.

Kin yi ta'aziyya layi uku, sannan tambaya layi goma: ko a akwatin Baba mun ga wata takarda ta mahaifinki, Baba Rafi'u. Yaya, na zazzage akwatin nan har ƙasa, babu. Kakana da kakanki ciki ɗaya suka fito, amma tun da na yi wayo ban ga wasiƙa daga Gumel ba wadda ba wannan tambayar a gindinta. Baba Hamad ya rantse har ya gaji. Saƙo ya zo masa daga Sawakin, tashar jiragen ruwa ta Sudan, cewa ɗan'uwansa zai ƙetaro, ya yi sati uku yana zarya bakin ruwa, bai ga kowa ba. Iyakar abin da muka sani ke nan, halas.

Kin tambayi sana'ata. A da kamun kifi nake yi kamar Baba. Yanzu shekara biyu ke nan ina tuƙa jirgin wani nadi, wato ƙungiya, ta Nasara ma'aikatan kamfani. Ranar Juma'a, mutane na haramar masallaci, ni ina kai su tsakiyar teku su yi nutso. Ba lu'ulu'u suke nema ba, ba kifin sayarwa ba, kallo kawai. Mutum da gemunsa, injiniya guda, zai matse kansa cikin baƙar roba, ya goya tulun iska, ya sa takalmin agwagwa, ya cusa tiyo a baki. Abin da har yau zuciyata ta ƙi sabawa da shi, kafin ya sa tabarau ɗin nutso sai ya tofa yawu a ciki, ya murza da yatsa, ya manna a fuskarsa. Wai don kada gilashin ya yi hazo. In fitsari ya kama su a ƙasa kuwa, a cikin rigar suke sakinsa. Ba wanda zai yi mini musu, ni ke wanke rigunan.

Wurare uku suka fi so, har sun rubuta su a babban littafi, kowanne da taurarinsa a gefe. Na farko bakin Ubhur ne, arewa da gari, inda dutsen murjani, da muke ce wa sha'abi, ya yanke ya yi ƙasa kamar bangon rijiya. A nan suke karyo murjani su shanya a bayan nadi. Kwana biyu ya ruɓe, wari ya hana ka cin abinci, ƙudaje su yi ta biki. Na biyu wani sha'abi ne da kififiyar teku ke hutawa. Sun harbe wata tsohuwar kififiya da kibiya, suka ƙwaƙule naman suka zubar, ƙoƙon kawai suke so.

Na uku shi ne ɗan gatansu, kuma laifina ne, don ni na kai su, ina neman a ce na iya. Wurin kamun Baba ne, tafiyar awa biyu kudu. Ba mai gane shi sai ni, don teku ba ta da kwana ba ta da bishiya. Sai ka jera tsohuwar fitilar jirage da gibin wani dutse, ka jera wani farin tudu da tsaunin bayansa, inda layukan suka haɗu ka saki anga. Baba kullum yana ƙorafin akwai abin da ke cinye masa fatsa a ƙasan nan. Ashe tsohon sambuk ne, jirgin katako, ya nutse. Katakon ya tafi, sai ƙusoshi da tarkace. Sun tsamo butar tagulla, shugabansu yana kaɗe toka a ciki. Abu Lofe muke ce masa, don lofe ba ya barin bakinsa. Butar alwala fa, Yaya. Sun kuma tsamo munduwar azurfa irin ta ƙasarku, mai kai biyu kamar albasa. Ya goge ta, ya ɗaura a sarƙar da ake ja ruwa ya zubo a ban ɗakin nadi. Duk wanda ya gama abin da ya kai shi, ita yake kamawa.

Kin ga irin abincin da nake ci. Ki gaishe da Inna, Allah ya ƙara mata sauƙi.

Ƙanenki,
Abdulghaffar Hamad


Gumel
14 ga Mayu, 1974

Ƙanena Abdulghaffar,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, zafi ne kawai ya sa mu gaba, ana ta duban gabas. A gaya wa Mastura ta danna kanumfari a haƙorin, in ya ƙi a cire shi a huta. Jikin Inna ba daɗi. Ƙafafu sun kumbura, ido ya kusa tafiya gaba ɗaya, koko kawai ke shiga.

Ka ƙirga mini layi, na ji. Ba zan yi fushi ba, don takardarka ta yi abin da ba ka nufa ba. Na karanta wa Inna ita don ta yi dariya, kuma ta yi, wajen yawun nan har sai da ta ƙware. Da na zo kan munduwa sai ta ce in maimaita. Allah ya taimake ni idona ya riga bakina, na ce mata a bango aka rataye ta. Kada ka kuskura ka sake rubuta maganar ban ɗakin nan.

Akwai abin da ba ku sani ba a can. Mahaifin Inna maƙerin azurfa ne, shi ya ƙera mata mundaye biyu na aure da hannunsa. Ranar da babana zai tashi hajji a ƙasa, shekara arba'in ke nan, ina ciki wata shida, ta tuɓe ɗaya ta ba shi. Haka ake yi a lokacin: in matafiyi ya matsu sai ya gutsuri azurfar ya sayar, ya ci abinci. Ya yi shekara uku a hanya, yana tsayawa cirar auduga a Sudan. Saƙonsa na ƙarshe daga Sawakin ne, daga nan shiru. Can wani alhaji ya dawo ya ce ya ga mai kama da shi a Bab Makka, nan cikin Jidda, ya yi ƙiba, da mace a bayansa. Shi ke nan Inna ta ɗauka ta riƙe, cewa da munduwarta ya yi aure, kuma gidanku ne ya rufa masa asiri.

An yi an yi ta je wurin alƙali a raba auren, ta ce sai ya dawo ya sake ta da bakinsa. Kullum in ta sallame sallar asuba, kafin ta ce wa kowa ina kwana, sai ta ce, "Rafi'u, Allah ya isa." Da wannan na tashi, yadda wasu yara ke tashi da carar zakara.

Ni unguwarzoma ce, shekara goma sha takwas ina wannan aiki. Na san jikin da ke shirin zuwa, na san wanda ke shirin tafiya. Ba na so uwata ta tafi gaban Ubangijinta da wannan kalma a bakinta. Abin da ya dame ni ke nan, ba gadon kowa nake nema ba.

Ga abin da nake roƙo. Ka ɗora farar takarda a kan munduwar, ka goga fensir a kwance har zanen ya fito, ka aiko mini. Ka duba kusa da kai ɗaya ko akwai gyara da tagulla, don Inna ta taɓa buga ta a turmi ta tsage, mahaifinta ya like. Ka kuma duba ko an gutsure ta. Ɗayar tana nan a ƙasan kwallarta. Kada ka yi nawa.

Yayarka,
Sauda


Ruwais, Jidda
26 ga Jumada Ula 1394

Yaya Sauda,

Bayan sallama da gaisuwa, muna lafiya. An cire haƙorin, gidan ya yi shiru. Allah ya ba Inna lafiya. Takardarki ta yi kwana ashirin da huɗu a hanya, ba nawata ba ce.

Ga zanen nan a ciki. Ranar Asabar da safe, ba kowa a nadi, na shiga ban ɗakin na kulle, na taka bakin masai na toshe hanci na goga. Gyaran tagulla yana nan, yatsa biyu daga kai ɗaya. Kuma ba a gutsure ta ba, ko ƙwarzane na wuƙa babu.

Daga nan na yi wauta. Na samu Abu Lofe, na haɗa ɗan Turancina da ɗan Larabcinsa, na gaya masa komai. Na ce a zamanin nan talakawanmu da ba su da takarda a irin wannan sambuk suke ƙetarowa daga Sawakin, mutum sittin ko saba'in a cushe, matuƙi ya kauce wa tasha ya bi ta cikin duwatsu. Na ce wannan wurin maƙabarta ce, kuma mai munduwar nan ɗan'uwan ubana ne. Na zaci zai ji kunya. Yaya, sai na ga idonsa ya yi haske. Ya dafa kafaɗata, ya jawo littafinsu, ya soke tsohon sunan wurin ya rubuta Jirgin Alhazai, ya ƙara masa tauraro.

Juma'ar da ta biyo, maimakon mutum shida sai ga goma sha biyar, da ƙarafan tono da kwanduna. Suka wuni suna birkita ƙasan teku har ruwan ya yi fari. Suka fito da 'ya'yan carbi, da zobba, da kwalbar kwalli. Can wajen la'asar wani ya ɗago muƙamuƙin mutum da haƙora huɗu a jiki. Wata mata ta karɓa ta kara a kumatunta, tana murmushi, mijinta yana ɗaukar hoto. Ban san lokacin da na fizge ba. Na naɗe shi a mayafin kaina, na yi bismilla na mayar da shi ruwa. Suka ce wai ban san wasa ba.

Duk da haka na danne zuciyata na roƙi munduwar. Abu Lofe ya ce ba mushkila, zai ba ni, amma da sharaɗi. In zana musu alamomin wurin a taswirar nadi, fitila da gibin dutse da sauran, don sun gaji da dogara da ni. In na zana, ko na mutu za su je, su da waɗanda za su zo bayansu. Mutum saba'in ne kwance a wurin nan, kowa da wanda ya jira shi har ya gaji. Ba zan iya ba da su ba, wallahi hannuna ya ƙi.

Shin zanen bai isa ba? Ki ɗora ta Inna a kai, ki gaya mata abin da na gani.

Ƙanenki,
Abdulghaffar


Gumel
21 ga Yuli, 1974

Abdulghaffar,

Salamu alaikum. Muna nan, damina ta kankama. Inna cokali uku take sha ta kau da kai.

Zanen ya iso. Na ɗora tata a kai, ta zauna daram, kai da kai, zane da zane. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban taɓa yi wa ubana ba. Na fito na gaya mata komai, har gyaran tagulla, har cewa ba a gutsura ba. Ka san abin da ta ce? "To, ashe dai ya je Jidda."

A wurinta maganar teku ƙarya ce aka shirya. Ta ce a akwatin Hamad ka tsinci munduwar, kunya ta kama ka, ka ƙago jirgi. Ta ce ba a gutsura ba don a gidanku ake ci da shi, me zai sa ya sayar. Ta ce kuma wane mahaukaci zai yarda akwai mutanen da ke shiga ƙasan ruwa don kallo kawai. Yanzu Allah ya isan asuba ta zama biyu, ta haɗa da Baba Hamad, mutumin da ko shekara bai yi a kabari ba. Kunnena ya gaji, raina ya ɓaci, har abinci ba ya yi mini daɗi.

Ni ma ka gafarce ni, zan faɗa maka gaskiya. Na karanta takardarka sau uku, kuma inda ka ce ko zanen bai isa ba ya sa ni zargi. Wanda abu ke hannunsa, ba ya son rabuwa da shi, shi ke irin wannan tambaya. In da gaske a wurin Bature take, kai da kake ɗan gari ka rasa yadda za ka yi da baƙo? Kana tausayin ƙasusuwan da ba ka san masu su ba. Tawa tana da rai, tana numfashi a ɗakin da ke kusa da nawa, kuma ba ta da watanni da yawa.

Ka aiko da munduwar, ko kuma ka gaya mini inda kuka binne shi.

Sauda


Ruwais, Jidda
18 ga Sha'aban 1394

Yaya Sauda,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ana ta shirin azumi. Allah ya sa Inna ta gan shi da sauƙi.

Na yi shiru don na yi fushi. Takarda biyu na rubuta miki, Mastura ta karanta ta yaga, ta ce ba da wannan bakin ake yi wa babba magana ba. Ubana ya yi shekara talatin yana jefa fatsa a kan ɗan'uwansa bai sani ba. Yana dawowa gida ya tarar da wasiƙarku tana kiransa maƙaryaci. Yanzu ya mutu ma ba a bar shi ba.

Ga munduwar nan a hannun Alhaji Usuman mai turare, mutumin garinku, da ya zo umara. Jirginsa ranar Alhamis ne. Yadda na same ta: na je na ce wa Abu Lofe na yarda. Ya shimfiɗa taswira, ya ba ni alƙalami, na zana masa fitila, na zana farin tudu. Gibin dutsen ne na ba shi wani daban, akwai mai kama da shi a arewa. Duk wanda ya bi zanena zai saki anga a kan fili, yashi zalla, tafiyar rabin awa daga wurin. Ya yi murna, da hannunsa ya kwance ta daga sarƙar. Ƙarya ce na yi, na sani, kuma ban ji komai ba. Tun daga ranar kan yashin nan nake kai su, in ce musu igiyar ruwa ta binne jirgin. Juma'a uku ke nan suna fitowa da kwando wayam, sun fara kallona ta wutsiyar ido.

Na wanke ta sau bakwai da sabulu, na ɗauraye da zamzam. Amma ban kankare komai ba, kuma ke ma kada ki kankare. A cikin zanen kawunan akwai wani farin dutse da ya tsiro, goga bai fitar da shi ba. Ta ciki kuma duk ƙananan ramuka ne, gishiri ya ci. Kada ki yi mata bayani. Ki sa mata a hannu kawai. 'Yar maƙeri ce, ta san abin da azurfa ke yi a akwati, ta san abin da ba ta yi.

In ta tambaya, ki gaya mata daga wurin nan ana ganin duwatsun Hijaz ƙuru-ƙuru, ba hazo. Ya ga ƙasar da idonsa, saura tafiyar awa biyu.

Abu ɗaya nake so, ta sauke sunan ubana daga bakinta.

Ƙanenki,
Abdulghaffar


Gumel
27 ga Oktoba, 1974

Ƙanena Abdulghaffar,

Wa alaikumus salam, barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ka gaishe da Mastura, ka ce na gode da takardun da ta yaga. Kafin komai ina neman gafararka kan abin da na rubuta. Na ji kunyar kaina.

Alhaji Usuman ya tsaya Kano sayar da turarensa, ya yi sati uku da munduwar a aljihu kamar goro. Da ya kawo ban ko ba shi ruwa ba. Na yi yadda ka ce, na sa mata a hannu ban ce uffan ba. Ta juya ta, ta bi gyaran tagulla da babban yatsa. Ta sa farce a farin dutsen nan ta ƙwaƙula, ya ƙi. Ta ɗora harshe a ramukan. Sannan ta ce in ɗauko tata. Ta riƙe ɗaya a dama ɗaya a hagu, tana aunawa, ta daɗe a haka. Ta ce ta hannun dama ta rage nauyi, amma ba wuƙa ce ta ci ta ba.

Can ta ce, "Shekara uku yana hanya da yunwa, bai gutsura ba."

Ta sa aka kira Malam Saleh ta tambaye shi matsayin wanda ruwa ya ci a hanyar hajji. Ya ce shahidi ne. Ranar ko koko ba ta sha ba. Na tsorata, na ce na kashe ta da hannuna.

Da asuba na tsaya bayan ƙofarta, yadda nake yi tun ina yarinya. Ta sallame. Ban ji Allah ya isan ba, har na sa hannu zan ɗaga labule. Sai na ji ta ce, "Rafi'u, ka yafe mini." Ta ce, "Hamad, kai ma ka yafe mini." Shekara arba'in ban taɓa jin asuba irin wannan ba.

Yanzu ta shiga takaba. Malam ya yi mata bayani cewa lokacinta ya wuce tun kafin in yi wayo, ta ce ba shi ta tambaya ba. Ta daina sa kwalli, ba ta fita ko zaure. Yau kwana ashirin da uku. Jiya ta kama ni ina duba ƙafafunta, ta ce in daina kallonta kamar gawa, tana da sauran kwana ɗari da bakwai na aiki a gabanta. Har tuwo ta nema.

Akwai saƙo. Wadda ka aiko ta riƙe, ta ce kayanta ne babana ya dawo mata da su. Wadda ta ajiye a kwalla kuwa ta ce a kai masa. Malam ya ce zubar da azurfa a ruwa almubazzaranci ne, ta ce azurfarta ce. Na ba Hajiya Zakiya, maƙwabciyarmu da ke cikin jirgin farko na alhazai, za ta neme ka a Ruwais. Inna ta ce ka tabbatar masu tofa yawun nan ba su ga inda ka jefa ba.

Yayarka,
Sauda


Ruwais, Jidda
22 ga Zulƙida 1394

Yaya Sauda,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, garin ya cika da alhazai, Bab Makka ba wurin sa ƙafa. Hajiya Zakiya ta iso, ta ba ni saƙo, ta ci abinci a gidanmu. Maganar gafara ta wuce, halas.

Nadi sun sallame ni. Sun kawo wani matuƙi, Othman, ya bi zanena daidai, ya kai su kan yashi. Abu Lofe ya kira ni maƙaryaci a gaban mutane, na ce masa na gode. Na mayar da iƙamata, wato takardar zamana, wurin tsohon kafilina, ubangidana mai sayen kifi, na koma fatsa. Abin da ake samu bai kai na da ba, amma Juma'a biyar ke nan a jere ina sahun gaba, kuma rabona da wanke fitsarin wani har na manta.

Ranar Alhamis na ari jirgin maƙwabci. Mastura ta ce sai ta bi ni, ita da ko kwalekwale ba ta taɓa shiga ba, ta yi ta amai har muka kai. Na jera fitila da gibin dutse, na kashe inji. Ruwan ya kwanta, ya koma garau kamar ba a taɓa tona shi ba. Muka yi musu addu'a, su saba'in ɗin, da Baba. Na naɗe munduwar a farin ƙyalle na saki, muna kallon farin yana ƙanƙancewa har ya ɓace.

A hanyar dawowa muka hango su can arewa, yanzu har Alhamis fita suke yi don nema. Sun saki anga a kan yashi, sun jeru a bakin jirgi, kowa na tofa yawu a tabaransa. Na ɗaga musu hannu na wuce.

Ki gaya wa Inna saƙonta ya sauka a hannun mai shi, kuma ba wanda ya gani sai ni da Mastura. Ta ci tuwo da kyau ta gama aikinta.

Ƙanenki,
Abdulghaffar